A Koya wa Yara Sa Ƙararrawa a Ma'aunin Zafin da Suke Haɗawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana malaman fasaha, da iyayen gida masu yaran da ke koyon gyaran rediyo da talabijin, da su kansu matasan da suka fara taɓa Arduino, ƙaramin allon lantarkin nan da ake rubuta wa umarni ya aikata, a garin nan namu na Kaduna.

Ni malami ne, aikin lantarki nake koyarwa a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, da yamma kuma nakan zauna da wasu 'yan unguwa masu sha'awar haɗe-haɗe. Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne abin da nake ta gani a wuraren baje kolin ayyukan ɗalibai. Kusan duk teburin da ka je abu ɗaya ne: allon Arduino, da ɗan abin jin zafi, da ƙaramin gilashi yana nuna lamba. Yaro ya ce maka, "Malam, yanzu zafin ɗakin nan digiri 31 ne." A tafa masa, a ba shi maki, a kwance kayan a mayar da su kwali. Madalla da ƙoƙarin. Amma a nan ake tsayawa, alhali abin da ya rage aikin ya zama wanda mutum zai ciro kuɗinsa ya saya kaɗan ne. A sa masa buza, 'yar ƙararrawar nan baƙa mai ƙafa biyu, ta yi kuka idan zafi ya wuce kima ko sanyi ya yi yawa.

Lamba a gilashi sai mai ido biyu, wanda kuma yake tsaye a wurin. Ɓarnar zafi da sanyi kuwa ta fi zuwa lokacin da mai kaya ke barci ko ya tafi kasuwa. Ma'aunin da ba ya ƙara kamar maigadi ne da ya ga ɓarawo ya haura katanga, sai ya ɗauko takarda ya rubuta lokacin, ya ajiye wa maigida sai da safe.

Duk wanda ya taɓa renon 'yan tsaki a hunturun Kaduna ya san abin da nake faɗi. A makon farko suna bukatar ɗumi tsakanin digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako har gashinsu ya fito sosai. A Disamba da Janairu, daga wajen ƙarfe uku na dare zuwa kiran assalatu, sanyi ke sauka da gaske. Idan aka ɗauke wuta ƙwan ɗumamawa ya mutu, ko gawayin kasko ya cinye, sai su taru a lungu guda su hau kan juna, na ƙasa su shaƙe. Ƙanwata da ke kiwo a Rigasa haka ta wayi gari ta tarar da su jibge a kusurwa, na ƙasan duk sun tafi. Ba ciwo ba, ba yunwa ba, garwashi ne kawai ya mutu tana barci a ɗakin da ke jikin kejin. Da akwai abin da zai tashe ta, da gawayi cikin hannu biyu ya wadatar. A Maris da Afrilu kuma labarin juyawa yake yi: kwano ya sha rana, kaji su buɗe baki suna haki, su saki fukafukai, masu ƙwai su rage ƙwai, na nama masu nauyi su fara faɗuwa. Masu injin ƙyanƙyasa su ma ba su tsira ba. Ƙwan kaza na son digiri 37.5 ko kusa da haka har kwana 21, na zabi kwana 26 zuwa 28, kuma idan zafin ya haura 40 ya jima, sai dai a yi haƙuri. Mai kemis da ke ajiye insulin a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake so ya riƙe shi. Duk waɗannan mutane suna cikin unguwanninmu, daga Kawo har Kakuri, kuma yaranmu na zaune da kayan da za su yi musu maganin matsalar.

Shi Arduino dama don irin wannan aka yi shi. A garin Ibreya na Italiya aka fara shi a 2005, domin ɗaliban da ba su karanta injiniyanci ba su iya haɗa abin da zai ji, ya yanke shawara, ya aikata. Mun koya wa yaranmu jin. Yanke shawarar da aikatawar muka bari, kuma a nan karatun yake.

Bari in fara da ita buzar, don a nan ake fara samun ruɗani tun daga shago. Iri biyu ce, a ido kuma kusan ɗaya. Akwai mai kuka da kanta, wadda da ka ba ta wuta sai ta kama ƙara. Akwai kuma wadda sai Arduino ya riƙa kaɗa ta, yana kunnawa yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, ta hanyar umarnin nan da ake rubutawa tone. Tun a gaban mai shago za ka iya bambanta su: taɓa ƙafafunta a jikin batir, idan ta yi dogon kuka ta farkon ce, idan ka ji ƙas sau ɗaya ta yi shiru ta biyun ce. Doguwar ƙafa ita ke zuwa ɓangaren wuta, gajeriyar ta tafi ƙasa, wato ɓangaren negatif da aka rubuta wa GND a jikin allon. Ga mai fara koyo na fi son ta farkon don ta fi sauƙi, amma ta biyun tana ba ka damar canza murya, kuma wannan yana da amfani. Idan kukan zafi daban, na sanyi daban, mai kaji tun tana kan gado ta san ko gawayi za ta ɗauka ko taga za ta buɗe. Ko da ta farkon ma ana iya yi: zafi kuka da sauri-sauri, sanyi dogon kuka da hutu.

Abu na biyu da ake tsallakewa shi ne ƙarfin ƙafar Arduino. Kowace ƙafa a jikin allon Arduino samfurin Uno miliamfiya 20 aka ce a ja daga gare ta, 40 kuwa shi ne iyakar da in an wuce ta ƙafar na iya ƙonewa. Buza mai bolt 5 takan ja kusan 30. Za ta yi aiki a tebur na minti biyu, shi ya sa ba a lura. Amma abin da zai kwana a kejin kaji yana kuka har mai gida ya farka, sai an sa masa taransista. BC547 ko 2N2222, waɗanda duk mai gyaran rediyo yana da su a gwangwaninsa, da resista mai om 1,000 tsakanin ƙafar Arduino da ƙofar taransistan. Ƙafar ta ba da izini kawai, taransista ya ɗauki nauyin. Yaron da ya gane wannan ya gane hanyar da zai kunna duk wani abu da ya fi ƙarfin allonsa, fanka ce ko famfo.

Sai abin jin zafin. Wanda ya fi yawa a hannun ɗalibai shi ne LM35, mai ƙafa uku, da kamarsa da taransista ɗaya ce, har akan ɗauko wannan a maimakon wancan. Idan ka fuskanci ɓangarensa mai rubutu, ƙafafu na kallon ƙasa, ta hagu wuta ce, ta tsakiya ita ke ba da labari, ta dama ƙasa. In aka juya shi nan take yake ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa, don haka a duba sau biyu kafin a jona. Lissafinsa mai daɗin koyarwa ne: kowane digiri ɗaya yana ba da milibolt 10, ke nan digiri 38 milibolt 380 ne. Arduino kuma yana raba bolt 5 gida 1,024, don haka kowane gida kusan rabin digiri ne. Ka ɗauki lambar da ya karanto, ka ninka da 500, ka raba da 1,024, ka sami zafin.

To a nan akwai rami, kuma ina roƙon malamai su nuna wa yara shi da idonsu. Wancan lissafin ya ɗauka cewa wutar da ke shiga allon bolt 5 ce cif. A garin nan da cajar waya muke kunna su, ko fawa bank, ko kwamfutar da batirinta ya gaji. Idan wutar ta sauka zuwa 4.7, zafin da yake 38 na gaskiya sai allon ya ce maka 40 da ɗoriya. A baje koli ba wanda zai damu. A injin ƙyanƙyasa kuwa mai shi zai rage wuta yana ganin gyara yake, alhali sanyaya ƙwan yake yi. Ana iya magance wannan da umartar allon ya yi awo da ma'auninsa na ciki mai bolt 1.1, sannan a daidaita shi da ma'aunin zafi na gaske. Amma ni a ganina duk aikin da zai fita daga aji ya shiga gidan wani, a yi amfani da abin jin zafi na DS18B20. Shi da kansa yake lissafinsa ya aiko da lamba, kuskurensa bai wuce rabin digiri ba a irin zafin da muke magana, akwai kuma wanda aka rufe a cikin bututun ƙarfe da doguwar waya, ruwa da danshin keji ba sa damunsa. Abin da yake bukata kawai resista mai om 4,700 tsakanin wayar labari da ta wuta. DHT11 shuɗin nan da ke zuwa a kwalin kayan koyo yana iya kuskuren digiri 2 sama ko ƙasa. Ya isa a koyi karatu da shi, amma kada a ba shi amanar ƙwai.

Ga abin da ya fi burge ni a wannan darasi. Na raba ɗalibai rukuni-rukuni, na ce kowa ya rubuta umarni mafi sauƙi: idan zafi ya wuce 33 buza ta yi kuka, in ba haka ba ta yi shiru. Wata yarinya a rukunin 'yan mata ta matse LM35 tsakanin babban yatsa da manuniya, lamba ta fara hawa, 30, 31, 32. Da ta kai gaɓar sai buzar ta kama sarƙewa, ta yi ƙara ta yanke, ta yi ƙara ta yanke, ba kuka ba, ba shiru ba. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan buzar ta lalace, a canza mana." Na ce, "Kar ki saki, ki dubi kwamfutar ki karanta mini abin da kike gani." Ta karanta: 32.7, 33.2, 32.7, 33.2. Ta yi shiru tana kallon lambobin, ƙawayenta na ta ba ta shawarar a sake wayoyi. Can sai ta ce, "To Malam, me zai hana ta fara kuka a 33, amma kar ta daina sai ya sauko 32?" Na ce, "Allah ya yi miki albarka, rubuta shi." Abin da yarinyar nan ta gano shi ne abin da ke cikin kowace firji da kowane dutsen guga mai kashe kansa: iyaka biyu, ɗaya ta kunnawa ɗaya ta kashewa, da 'yar tazara a tsakaninsu. Da na rubuta mata shi a allo tun farko, da ta kwafa ta manta. Buzar ce ta takura mata har ta yi tunani, kuma gilashi mai nuna lamba ba zai taɓa yin wannan ba, don shi ko lambar na rawa ba ya damun kowa.

Daga nan sauran tambayoyin da kansu suke zuwa. Idan aka buɗe ƙofar keji iska ta shigo na daƙiƙa biyar, a tashi gida duka? A'a, sai a sa allon ya jira, in zafin ya ci gaba da zama a waje da iyaka har rabin minti sannan ya yi ƙara. Idan mai kaji ta farka tana hura gawayi, buzar ta ci gaba da cika mata kunne, da maƙwabta? Sai a sa maɓallin da zai yi shiru da ita na minti biyar, in ba a gyara ba ta dawo. Kada a yi maɓallin da ke kashe ta gaba ɗaya, domin wanda ya kashe da magagin barci ba zai tuna ya kunna ba. Wurin sa maɓallin nan ne yaro zai ci karo da umarnin delay da ya saba da shi tun darasin kunna ƙwan fitila da kashewa: muddin allon na cikin wannan jira, ba ya jin an danna komai. Dole ya koma ga millis, agogon cikin allon da ke ƙirga lokaci tun daga kunnawa, ya riƙa duba shi yana ci gaba da sauran aikinsa. Wannan darasi ne da kan ba manya ma wahala, amma na ga 'yan aji huɗu sun kama shi don kawai suna son maɓallinsu ya yi aiki.

Akwai kuma tambayar da nake so kowane mai ba da maki ya riƙa yi da hannunsa, ba da baki ba: ya zare wayar abin jin zafin ya ga me zai faru. A keji ɓera na cin waya, kaza na tsattsaga, tsatsa na kama jona. Idan wayar DS18B20 ta yanke, lambar da allon ke samu ita ce 127 ƙasa da sifili. Yaron da ya rubuta "idan ya wuce 35 ki yi kuka" kawai, na'urarsa za ta yi tsit har abada, don waccan lambar ba za ta taɓa wuce 35 ba. Idan LM35 ne, ƙafar allon sai ta riƙa kawo lambobi barkatai. Mai kaji kuwa ta kwanta da kwanciyar hankali, ta daina tashin tsakar daren da ta saba yi don ta dogara da abin da aka sayar mata. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Dole a rubuta cewa duk lambar da hankali ba zai ɗauka ba, ita ma ƙararrawa ce, da muryarta daban. A sa buzar ta yi ɗan kuka sau ɗaya duk lokacin da aka kunna na'urar, a kuma sa ɗan ƙwai mai ƙiftawa da ke nuna tana raye.

Maganar wuta ba ta bukatar dogon bayani ga mutumin Kaduna. Lokacin da aka ɗauke wuta shi ne lokacin da ake bukatar ƙararrawar, don haka ba za ta dogara da soket ɗin da ƙwan ɗumamawa ke kai ba. Ƙaramin batir mai bolt 9 da ake gani a baje koli ba ya kai Uno ko'ina, 'yan sa'o'i ne ya ƙare. Batirin sola mai bolt 12 ta ramin caji na allon ya fi, ko fawa bank, sai dai a gwada shi tukuna don wasu sukan kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta da yawa. Wurin rataye abin jin zafin ma a kula: daidai tsayin bayan 'yan tsakin, a gefen inda ɗumin ke sauka. In aka maƙala shi kusa da ƙwan ko saman kasko, zafin ƙwan zai riƙa faɗa maka, su kuwa suna rawar sanyi a ƙasa. Kafin a kai wa kowa, a gwada shi a ruwan ƙanƙara ya nuna sifili ko kusa, a kuma gwada shi gefe da gefe da ma'aunin zafi na asibiti a ruwan ɗumi. Mai son gwadawa da tafasasshen ruwa kada ya tsorata in ya ga kusan 98 a maimakon 100, Kaduna a kan tudu take, ruwa na tafasa da wuri.

Gargaɗi ɗaya nake da shi, kuma da gaske nake. Da zarar buza ta yi aiki, yaro zai ce bari ya sa rile, makunnin da allon ke iya sarrafawa, ya riƙa kunna hita ko fanka da kansa daga wutar gida. Wutar gida bolt 230 ce, kuma allon gwaji mai ramuka da siraran wayoyin nan ba don ita aka yi su ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mai fara koyo ya tsaya a bolt 5 da 12, na'urarsa ta kira mutum, mutum ya yi gyaran. Haɗi da wutar gida sai a gaban malami, a cikin akwati rufaffe mai fiyus. Haka kuma a faɗa wa duk wanda aka ba wannan na'ura cewa zafi kawai take ji. Ba ta jin hayaƙi, ba ta jin gubar iskar gawayi da ke kashe mutum a ɗaki rufaffe, kuma ba ta maye gurbin ma'aunin da hukuma ta amince da shi a firjin allurar rigakafi na asibiti.

Malam Edita, garin nan ba ya rasa inda za a ɗora wannan magana. Hedikwatar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a Kaduna take. Ga Kaduna Polytechnic, ga jami'ar jiha, ga maƙeran Panteka da za su lanƙwasa maka kowane irin akwati ka zana musu. Roƙona ga masu shirya baje koli da masu duba ayyukan ɗalibai shi ne su daina wadatuwa da lamba a gilashi. Su matse abin jin zafin su ji ko buza za ta sarƙe, su zare waya, su cire caja daga soket, sannan su ba da maki. Masu shagunan kayan lantarki kuma su riƙa ajiye DS18B20 mai bututu, su ware buza mai kuka da kanta daga ɗayar, don yara na asarar kuɗin mota suna komawa canji. Iyayen gida masu shagon gyara, ku bar yaranku su haɗa guda su kai wa mai kaji a unguwa ta kwana da ita, ta dawo ta faɗa musu inda ta gaza.

In jaridar nan za ta ba da gurbi, zan aiko da zanen haɗin da umarnin gaba ɗaya, da bayanin kowane layi da Hausa, yadda malami a Birnin Gwari ko Kafanchan zai iya koyarwa da shi ko ba intanet. Ina kuma so masu kiwo da masu injin ƙyanƙyasa da ke karanta wannan shafi su rubuto su faɗi irin zafin da suke riƙewa a hunturu da bazara, da lokacin da suka fi yin asara, don mu san lambobin da za mu sa wa yara su yi aiki da su kafin sanyin bana ya shigo.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin aikin lantarki,
Tudun Wada, Kaduna.